Imel ɗin Ƙungiyarmu ta Manoman Gyaɗa

Ranar da aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta yankinmu, abu uku aka miƙa mini a gaban jama'a: rajistar mambobi, da hatimi, da wani tsohon fayil da ya cika ya batse da takardu. A bangon fayil ɗin an rubuta adireshin imel na ƙungiya da jan biro. Kalmar sirrin da ake buɗe shi da ita ce ba a ba ni ba, ni kuma a ranar ban san darajarta ba balle in tambaya.

Ƙungiyar ta haɗa manoma daga Kafin Dafga da Tudun Kaya da Turawa, har da wasu ƙauyuka na ɓangaren Rogo. Ni malamin firamare ne a Tudun Kaya, ina noma kamar kowa, kuma iya karatun boko ne ya sa aka tura ni takara, ba son raina ba. Wanda na kayar mutumin Rogo ne, tsohon malamin gona, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shekara takwas yana riƙe da muƙamin. Da aka gama ƙirga hannuwa ya taso ya ba ni hannu yana murmushi, ya ce Allah ya taya ni riƙo. Ban taɓa mantawa da yadda ya matse mini yatsu ba.

Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta a Kano da take taimaka mana da ingantaccen iri, takan kuma kira bita lokaci-lokaci. Ƙungiyoyin manoma da take hulɗa da su suna da yawa, saboda haka ba ta bin kowa da waya. Duk wata sanarwa ta imel take turo ta. Wanda imel yake hannunsa shi ne yake jin abin da ake ciki. Sai da na yi sati biyu kafin wannan ya shiga kaina, na hau babur na nufi Rogo.

Na same shi a zaure yana gyaran injin feshi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ɗaga kai yana duban rufin zauren.

Ya ce, "Kalmar sirri? Wallahi Malam, ka ga wayar ce take buɗe kanta. Ni na ma manta abin da na sa."

Na ce, "To ranka ya daɗe, ko za a duba wayar, a canza, a ba ni sabuwa?"

"Ai wayar tana wurin gyara."

Wayar kuwa ina ganin shatinta a aljihun gaban rigarsa. Shi ma ya san na gani. Ya ci gaba da ɗaure bakin injin feshinsa, ya ce kada in damu, duk abin da ya shigo zai sanar da ni, ai duk ɗaya ne. Sau uku ina komawa Rogo a kan wannan magana. Zuwa na uku aka ce mini ba ya nan, alhali takalmansa suna bakin ƙofa.

Gab da faɗuwar damina, ranar kasuwa a Karaye, wani sakataren wata ƙungiya ya tare ni a layin masu taki. Ya ce ya yi mamaki bai gan ni a wurin bita ba. Na ce wace bita? Ya ce wadda aka yi a Kano, kwana biyu, a kan shanyar gyaɗa da yadda ake hana ta yin ruma a buhu. Ya ce ai mutanenmu sun je, su shida, tsohon sakatare ne ya jagorance su, kuma a can an gabatar da shi a matsayin sakatarenmu.

Su shidan nan duk mutanen ɓangarensa ne. Babu ko mutum ɗaya daga Turawa ko Kafin Dafga.

A taron da ya biyo baya na sha kunya irin wadda ban taɓa sha ba. Shugabanmu wani dattijo ne na Turawa, Alhaji, mutumin kirki amma mai saurin faɗa, bai yi boko ba. Ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Malam, mun zaɓe ka ne don ka zama kunnenmu. To me ka ji mana?" Na buɗe baki zan yi bayani, wani daga baya ya ce a mayar wa mai iyawa kayansa. Aka yi dariya. Tsohon sakatare yana zaune a gefe, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kamar maganar ba ta shafe shi ba.

Daga wurin ban koma gida ba, na zarce Karaye gidan ƙanwata. Tana aure a can da 'ya'yanta huɗu, kuma ita ce mai kula da bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, kullum tana gaban kwamfuta. Ba ta da haƙuri da wanda bai iya abu ba, ko da yayanta ne. Na zayyana mata komai tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba sai da na gama.

Ta ce, "Yaya, kai ma ka so. Wata uku kana zaryar Rogo kana roƙo, ba ka zo ka tambaye ni ba?"

Ta wanke hannu ta ɗauko kwamfutarta ta hannu. Ta rubuta adireshin, ta danna wurin da ake cewa an manta kalmar sirri. Sai ga tambaya ta fito, ko a tura lambobin tabbatarwa zuwa wani layin waya, an ɓoye farkonsa an bar lambobi biyu na ƙarshe. Ta ce in duba wayata ko na san mai layin. Na fara da lambar tsohon sakatare, ba ita ba ce. Na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har na zo kan ta Alhaji. Ta yi daidai. Ashe tun lokacin da aka buɗe imel ɗin, mutanen Kano ne suka ce a sa lambar shugaba, shi kuma gogan bai taɓa tunawa ya cire ta ba.

Washegari da hantsi na goya ta a babur muka tafi Turawa. Muka tarar da Alhaji a gona ana huɗa, ya fito bakin hanya ƙafafunsa duk ƙasa. Ƙanwata ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani. Sabis a wurin sai an hau wani tudu kusa da wata tsamiya, can muka tsaya mu uku. Ta danna, 'yar ƙaramar wayarsa ta yi ƙara. Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye.

Ya ce, "Tsaya. A rediyo an ce duk wanda ya ce ka ba shi lambobin da aka turo maka, ɓarawo ne."

Ƙanwata ta ce, "Gaskiya aka faɗa, Baba. Kada ka taɓa ba kowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake. Wannan kuwa ga mu a gabanka, kuma ƙofar ƙungiyarka za mu buɗe maka."

Ya sake duba wayar. Sannan ya ce shi zai karanta da kansa, ba zai ba ni wayar ba. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanto lambobin ɗaya-ɗaya kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Akwatin saƙonnin imel ɗin ya buɗe.

Na zaci an gama. Ƙanwata ta ce yanzu aka fara. Muka koma gidanta, ta zaunar da ni kamar ɗalibi. Da farko ta sa na zaɓi sabuwar kalmar sirri. Na ce a sa sunan ƙungiya da shekarar haihuwata, ta harare ni ta ce wannan ko akuya za ta canka. Ta ce in haɗa kalmomi huɗu da babu abin da ya haɗa su, in cusa lamba a tsakani, in rubuta a takarda in adana inda nake adana takardun gona. Sannan ta shiga wurin da ake ganin duk na'urorin da imel ɗin yake buɗe a cikinsu. Ga wayar nan tasa, wadda aka ce tana wurin gyara, an shiga da ita da safiyar ranar. Ta ce in danna da hannuna in fitar da ita. Na danna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina. Ta kunna tsarin da ko mutum ya san kalmar sirri sai an turo lambobi a waya kafin ya shiga.

Abin da ya ba ni mamaki, akwatin saƙonni kusan wayam yake. Tallace-tallace ne kawai da gaisuwar sallah. Na ce to ina saƙonnin Kano? Ta ce imel ba ɗaki ɗaya ba ne, mutane ne suke tsayawa a zaure su ce ba kowa a gidan. Ta duba akwatin tarkace inda saƙon da ba a yarda da shi ba yake faɗawa, babu. Ta duba kwandon shara, ga guda biyu daga jami'ar ƙungiyar Kano, matar da ke kula da yankinmu, ba a fi sati da shigowarsu ba. Ta yi tsaki ta shiga cikin saituna. A can ta nuna mini wani umarni da aka dasa: duk saƙon da ya zo daga adireshin jami'ar, a tura kwafinsa zuwa wani adireshi, sannan a jefa na asali a shara. Adireshin nasa ne na kansa, da sunansa ƙarara.

Ta ce, "Ka gani? Da kalmar sirri kawai ka canza, da har gobe shi ne yake karanta muku wasiƙu."

Ta goge umarnin. Sannan ta buɗe wurin saƙonnin da aka aika, inda shi bai yi tunanin sharewa ba. A nan na ga abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Kwana huɗu bayan zaɓe ya rubuta wa jami'ar da Turanci cewa an yi wani ɗan canji na jeka-na-yi-ka, 'yan siyasa ne suka cusa wani malamin makaranta da bai san komai a harkar noma ba, ba ya iya rubuta wasiƙa, kuma ba a yarda da amanarsa ba. Ya ce dattawan ƙungiya sun roƙe shi ya ci gaba da riƙe komai. Ni da na yi noma tun kafin in iya ɗaura wando. Na karanta sau uku.

Na ce ta ba ni in rubuta amsa. Ta rufe kwamfutar.

Ta ce, "Ba yau ba. Ka je ka ci abinci ka yi barci. Wasiƙar fushi a wurin ajiya ake barin ta ta kwana, in ka karanta da safe ba ka ji kunya ba, sannan ka tura."

Kashegari muka rubuta tare, kuma ita ta yi ta yanke mini magana. Na fara da gaisuwa layi shida, ta rage zuwa ɗaya. Na bar wurin taken saƙo babu komai, ta ce matar nan saƙo nawa take samu a yini, wanda ba shi da take shi ne na ƙarshen buɗewa. Muka sa sunan ƙungiya da kalmomin canjin sakatare. Ta ce magana ɗaya a saƙo ɗaya, abin da kake so a yi maka ya zo a farko. Muka ɗauki hoton takardar zaɓe mai ɗauke da hatimi da sa hannun Alhaji, muka maƙala, ta sa na buɗe hoton na tabbatar ana iya karanta shi. Ba mu ambaci tsohon sakatare da mugun abu ko ɗaya ba. Ni dai ban so haka ba.

Bayan kwana biyu jami'ar ta amsa cikin mutunci. Ta ba da haƙuri, ta ce ta gyara sunan a wurinsu. Sai kuma ta yi abin da take ganin daidai ne: ta tura sanarwa ga duk sakatarorin ƙungiyoyin da suke hulɗa da su da shugabanninta na ofis, tana gabatar da ni. A cikin jerin har da adireshin tsohon sakatare na kansa, don ya daɗe da cusa shi.

Ina makaranta lokacin hutun tara, ina zaune a ƙarƙashin darbejiya, wayata ta yi ƙara. Amsarsa ce, kuma ga kowa da kowa ya tura ta. Ya ce a yi hattara, wani ɗan damfara ya yi wa imel ɗin ƙungiya kutse, ya yaudari tsoho marar ilimi ya karɓi lambobin sirri, kuma takardar zaɓen da ake yawo da ita ta jabu ce.

Duk abin da ƙanwata ta koya mini ya fice daga kaina. Na rubuta da yatsa ɗaya, da Hausa, ban tsaya gyara ba. Na kira shi maƙaryaci, na kira shi munafuki. Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na ambaci mahaifinsa, wanda ya daɗe da rasuwa, da wata magana da nake ji ana raɗa tun ina yaro, wadda ban ma san gaskiyarta ba. Ba zan maimaita ta a nan ba. A ƙasan saƙon akwai maɓalli biyu, na amsa wa mutum ɗaya da na amsa wa kowa. Na san bambancinsu sarai, an nuna mini. Na danna na kowa.

Aka kaɗa ƙararrawa na shiga aji. Kafin a tashi, wayata ta cika da kira. Na ƙanwata na fara ɗauka, ita da imel ɗin yake buɗe a kwamfutarta.

"Yaya, me ka yi?"

Na ce shi ya fara. Ta ce ba ta tambaye ni wanda ya fara ba. Na ce ko akwai yadda za a janye saƙon? Ta ce ana iyawa a cikin 'yan daƙiƙoƙin farko kawai, yanzu kam yana cikin wayar kowa, kuma ko na goge nawa nasu yana nan. Ta ce, "Gaskiyarka ce a hannunka tsaf, ka ɗauka ka ba shi kyauta." Ta kashe wayar. Sati biyu ba ta ɗauki kirana ba.

Jami'ar ta zo Karaye da kanta. Aka zauna a harabar wata makaranta, da Alhaji, da dattawan ɓangarorin biyu. Ta zo da takardu uku da ta buga: wasiƙarsa ta farko, da ta damfara, da tawa. Ba ta karanta ko ɗaya a fili ba, ta dai ajiye su a kan tebur ta ɗora waya a kai don kada iska ta kwashe. Ta ce ta tabbatar ni ne zaɓaɓɓen sakatare, wannan babu ja. Amma shugabanninta sun ga duk abin da aka rubuta, kuma sun ce a dakatar da hulɗa da mu har sai mun daidaita kanmu. Ingantaccen irin shukar wannan daminar ya wuce mu.

Daga nan maganar ta bar kan imel ta koma kan mamaci. Ƙannen tsohon sakatare biyu sun zo, ɗaya har yana kuka. Babu wanda ya sake tambayar wa ya karkatar da saƙonni, wa ya kai mutum shida Kano, wa ya kira Alhaji marar ilimi. Limamin da aka gayyato ya ce in tashi in nemi gafara. Na tashi, na nema, kuma da zuciya ɗaya na nema, don mutumin da ke kabari bai yi mini komai ba. Da aka juya kan tsohon sakatare aka ce shi ma ya ce wani abu, sai ya gyara zama ya ce shi ya yafe. Iyakar abin da ya ce ke nan. Aka shafa fatiha.

Kafin kaka ƙungiyar ta rabe biyu. Mutanen ɓangaren Rogo suka bi shi suka yi tasu rajistar. Mu muka ci gaba da tsohon suna da tsohon imel. A shekarar mutanenmu tsohon iri suka shuka, kuma akwai waɗanda har yau in sun gan ni shi suke tunawa. Wani a Kafin Dafga ya faɗa mini a fuskata cewa yatsana ne ya cinye masa buhu biyar. Ban musa ba.

Da shekara ta zagayo mutanen Kano suka dawo da mu. Har yanzu ni ne sakatare, don babu mai son aikin. Kullum bayan sallar la'asar nakan buɗe akwatin, in leƙa na tarkace, don sau biyu ina tsintar sanarwar bita a can. Saƙonnin jami'ar na ware musu wuri nasu da alama mai launi. In ina neman tsohuwar magana ba na ta gungurawa, kalma ɗaya nake rubutawa a wurin bincike ta fito. Kalmar sirri kuwa tana cikin ambulan a rufe a wurin Alhaji da ma'aji, kuma na sa an rubuta a dokar ƙungiya cewa ranar da aka sauke sakatare, a ranar za a canza ta a gaban mutum uku. Da na kawo shawarar wasu suka yi dariya suka ce tsoron kaina nake ji. Na ce e.

Tsohon sakatare kuwa muna haɗuwa, yankin ba shi da girman da za a ɓace wa juna. Kwanan baya an ɗaura auren 'yar wani amininmu a Kafin Dafga, aka zaunar da mu a tabarma ɗaya, aka ajiye mana tire ɗaya na shinkafa. Ya ce, "Malam, ashe ana ganinku." Na ce, "Ana gani, ranka ya daɗe." Ya ci daga gefensa, na ci daga nawa. Naman da ke tsakiya babu wanda ya taɓa, har aka zo aka ɗauke tiren.